Valgrind ya kama ɓarnar memori, amma batun zare ya ba ni haushi

Valgrind kayan aiki ne na gano kurakurai a manhaja yayin da take gudana. Manhajar da na gwada shi a kanta ƙarama ce, an rubuta ta da C, tana kan sabar Ubuntu a wani ofishi a Wuse, aikinta karɓar saƙonnin na'urorin POS. Sai ta yi kwana biyu lafiya lau, sannan ta faɗi ba sallama.

Na harhaɗa ta da -g da -O1, na kunna ta a laftof ƙarƙashin Memcheck, sashen Valgrind mai duba memori, tare da --leak-check=full. Ba a jima ba ya fito da "Invalid read of size 8". A nan ya burge ni matuƙa, domin wuri uku ya jero: layin da aka yi karatun, layin da aka kira free don sakin wannan yankin memori, da layin da aka fara ware shi da malloc. Ashe zare ɗaya (thread, wato ɗaya daga ayyukan da manhaja ke gudanarwa a lokaci guda) ne ke sakin bayanan na'urar da ta yanke sadarwa, wani zaren kuma yana riƙe da tsohon adireshin yana ci gaba da karantawa. Dabarar Memcheck ita ce ba ya barin a sake amfani da yankin da aka saki nan take, yakan ajiye shi a layin jira tukuna. Girman layin bayit miliyan 20 ne idan ba ka taɓa shi ba. Manhajar da ke saki da yawa takan cika shi da wuri, kuskuren ya wuce ba a gani ba, don haka a ƙara girmansa da --freelist-vol. Wallahi har nan taurari biyar zan ba shi.

To, amma nauyinsa fa! Memcheck kan rage gudun manhaja sau 10 zuwa 50, na kuma san da haka, sai dai ban yi zaton na'urorin gwaji za su gaji da jiran amsa su riƙa yankewa ba. Dole na tsawaita lokacin jiran. Laftof kuwa ta yi zafi, ta shanye batirin inbata kafin a kawo wuta.

Babban takaicin yana wurin zaren. Valgrind zare ɗaya yake bari ya yi gudu a lokaci guda, ko da firosesar injinka na da cibiya (core) takwas, saboda haka rige-rigen da ke haddasa ɓarnar bai cika faruwa a ƙarƙashinsa ba. Sau ɗaya kuskuren ya bayyana, na sake kunnawa sau da dama shiru. --fair-sched=yes ya ɗan taimaka. Helgrind, sashen Valgrind mai farautar rige-rigen zare, ya gane makullan zare na pthread sarai, amma inda aka yi amfani da atomics (daidaita zare ba tare da makulli ba) ya cika min allo da ƙorafi, na gaskiya da na banza a cakuɗe.

ThreadSanitizer, wani kayan aiki daban da ake sawa lokacin harhaɗawa, shi ne ya nuna zarurrukan biyu da layukansu a gwajin farko, da -fsanitize=thread kawai. A lura ba a haɗa shi da -fsanitize=address mai duba memori a harhaɗawa ɗaya, sai an gina manhajar sau biyu. Ginin na biyun ma ya tono wani char buf[64] da ake rubutu har a wuce iyakarsa, wanda Memcheck bai ce uffan a kai ba, tunda ba ya duba iyakar jeren da ke kan stack (memorin wucin gadi na fankishin). Taurari uku da rabi na ba Valgrind.