Ofishin da ya duba mana masana'antar sabulu a Yamai

Dokar Nijar mai lamba 2018-28 ta wajabta wa masana'antu binciken muhalli, BNEE kuma, wato hukumar ƙasa mai tantance binciken muhalli, ita ke duba rahoton. Shi ya sa muka ɗauko wani ofishi mai zaman kansa ya binciki masana'antarmu ta sabulu da ke kusa da unguwar Gamkale.

Injiniyar da suka turo ba ta da wasa. Ko shayi ba ta tsaya sha ba, ta wuce bayan gini inda ruwan wankin tukwane yake fita. Ta tsoma ƴar takardar gwaji, nan take ta rikiɗe ta koma shuɗiya.

"Alhaji, soda ta yi yawa. Wannan ruwan fa kogi zai gangara."

Ta sa muka gina ramin tace ruwa, ta ɗora buhunan soda bisa katako, ta ware baƙin man janareto cikin duro mai murfi. Yaran da ke juya tukunya ba safar hannu kuwa, ni na sha faɗa a wajenta saboda su.

Inda masu ofishin suka gaza: rahoton ya yi jinkiri, kuma da Faransanci mai nauyi, sai da ɗana ya warware mini. Kuɗinsu ma akwai zafi. Amma baɗi su zan sake kira.