'Yar rediyon Littafi Mai Tsarki mai cin hasken rana: wata takwas a gidanmu

Inna, uwar maigidana, ta haura shekara saba'in. Tun tana budurwa take zuwa sujada, amma ba ta taɓa karanta ko aya ɗaya da idonta ba. Littafinta yana nan, mai baƙin bango, a nannaɗe cikin ɗankwali a ƙasan akwati. Ranar Lahadi takan rungume shi zuwa majami'a, in an ce a buɗe ta buɗe, in an rufe ta rufe. Duk abin da ta sani daga bakin fasto ta ji shi, ko daga bakin jikoki, su kuwa jikoki da sun karanta aya biyar sai hamma. Saboda ita na sayi wannan na'ura lokacin da muka je taron Zumuntar Mata a Jos, a wani shagon sayar da littattafan Kirista. Yau wata takwas ke nan tana aiki a gidanmu, a wani ƙauye da ke bayan Malumfashi, kuma mata da yawa sun tambaye ni ko ta cancanci kuɗinta. Ga abin da na gani.

Girmanta bai wuce na ƙaramar waya ba. Ba ta da gilashin kallo, sai maɓallai da 'yar lasifika a gaba, a baya kuma akwai farantin sola. Ba ta kama tasha ko ɗaya, amma a gida kowa 'yar rediyo yake ce mata, haka sunan ya zauna. An ɗora mata Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya. Maɓalli ɗaya yana tsallake littafi, wani yana tsallake sura, in ka danna sai murya ta faɗa maka inda kake. In ka kashe ta a tsakiyar Luka, gobe daga nan za ta tashi. Wannan kaɗai ya sa na yafe mata abubuwa da yawa, domin tsohuwa ba za ta iya neman wurin da ta tsaya ba. Akwai kuma wurin sa katin memori, wanda da farko ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Alamomin da ke jikin maɓallan ba su yi wa Inna amfani ba. Sai na ɗauko jan farce na ɗiga a kan na kunnawa, na ɗiga sau biyu a kan na sura ta gaba. Na ce, "Inna, in kun ji tudu ɗaya a yatsanku, shi ne na kunnawa. In kun ji biyu, gaba za ta yi." Kwana uku ta gane. Yanzu da hantsi takan sa jika ya ɗora ta a kan rumbu ta sha rana, da yamma a sauko da ita, ta zauna a tabarma tana ɓarar gyaɗa tana ji.

Cajin rana yana aiki da gaske a bazara. Yini ɗaya a kan rumbu yakan kai mu dare biyu. Amma da hunturu ya shigo, hazo ya rufe rana, sai ta fara mutuwa tun ba a gama tuwon dare ba, haka ma a tsakiyar damina in hadari ya kwana biyu. A lokacin sai an kai ta wurin mai cajin waya a kasuwa. Nan ma aka samu matsala, bakin cajin ya fara rawa a wata na biyar, sai an tokare igiyar da dutse take ɗauka. Mai gyaran waya ya duba ya ce ba shi da irin kayanta. Duk wadda za ta saya, ta tambayi mai shago tun kafin ta biya, in ta lalace ina ake kai ta. Ni ban tambaya ba.

Ƙarar ma kaɗan ce. A ɗaki ta isa, a tsakar gida kuwa in mutane sun wuce goma, ga kukan awaki ga na yara, na baya ba sa ji. Inna ce ta samo magani. Ta sa ta a cikin ƙwaryar da babu komai, ta jingina ƙwaryar da turmi, bakinta yana kallon jama'a. Sai ga murya ta fito da kauri kamar mutum ne a zaune. Tun daga ranar 'yar rediyo da ƙwaryarta ba sa rabuwa.

A kan fassara mun ɗan yi ja-in-ja. Kunnen Inna ya saba da tsohon Littafi, na 1932, wanda Dokta Walter Miller na Wusasa ya yi babban aiki a kansa. A can Yohanna ake cewa, da Yesu Kristi. Na cikin na'urar fassarar 1979 ce, mai cewa Yahaya da Yesu Almasihu. Daren farko ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ba Littafinmu ba ne." Na ce, "Shi ne, Inna, Hausar ce aka sassauta." Ba ta yarda ba sai da muka kai labarin ɗan da ya ɓata a Luka sura 15, ta ji uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi. Ta ajiye gyaɗar, ta ce a mayar. Sau uku aka mayar. A ganina sabuwar fassarar ta fi dacewa da ji, jimlolinta sun fi gajarta, kuma kalmominta su ne waɗanda maƙwabtanmu suka sani. Mai karatun ma ba ya sauri, Hausarsa a buɗe take, ko da yake yana tauna wasu sunaye na Tsohon Alkawari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru wata Alhamis. Akwai Bafulatanar da ke kawo mana nono tun ina amarya, muna ce wa juna ƙawa. Ta sauke ƙwaryarta a inuwar darbejiya tana jiran a kawo mata canji, Inna kuwa tana jin Zabura. Aka kai ta 96, inda aya ta 3 ke cewa a yi shelar ɗaukakar Ubangiji a cikin al'ummai, a ba da labarin ayyukansa masu banmamaki ga dukan mutane. Ƙawata ta ce, "Ƙawa, wannan abin naku bai iya Fillanci ba?" Da wasa ta faɗa, amma ni ban ji shi a wasa ba. Shekara nawa nake rera waƙa a kan al'ummai, nake ba da baiko a makon aikin bishara, a zuciyata kuwa al'ummai wasu mutane ne can ƙetaren teku. Ashe ga al'umma guda tana zuwa ƙofar gidana sau biyu a mako, tana jin Hausar kasuwa, amma in za ta lallashi ɗanta ko ta yi kukan mutuwa, da harshenta take yi.

Mu ma ai haka aka yi mana. A shekarun 1850 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, ya je Ingila tare da wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya zauna wurin wani ɗan mishan mai suna Schön, wanda ya yi ta rubuta Hausa daga bakinsa, Schön ɗin ne kuma ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa a wancan zamani. A 1893 wasu 'yan mishan uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma. Daga abin da suka fara ne ikkilisiyarmu ta ECWA ta fito a 1954, ita kuma EMS, mai aika masu bishara 'yan ƙasa, ta riga ta da 'yan shekaru, tun 1948. Babu ɗayansu da ya ce mu fara koyon Turanci tukuna. Su ne suka wahala da harshenmu. To ni kuma ina da wace hujja in ce wa ƙawata Hausa ta ishe ta?

A nan wurin katin memorin ya nuna amfaninsa. Na yi wa wani mai bishara da ke aiki a rugage magana, ya kawo mini kati mai Sabon Alkawari da Fulatanci. Na tambayi ƙawata ko tana so ta ji, domin ba na kunna wa mutum abin da bai nema ba, kuma ta san addinina na san nata, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba. Ta ce a kunna. Ta saurara kaɗan sai ta yi murmushi, ta ce wannan Fillancin mutanen Adamawa ne, tana tsintar wasu tana rasa wasu. Ni da na ɗauka Fulatanci duk ɗaya ne. Sai da aka sake nemo wani kati na irin wanda ake yi a nan ɓangarenmu. Ranar da ta ji shi ba ta ce komai a kan abin da ake faɗa ba. Cewa ta yi muryar ta yi kama da ta kawunta. Ta zauna har aka gama sura biyu, nononta yana jira.

Sai dai kada wata ta sayi wannan abu ta ɗauka ta sauke nauyin da ke cikin Matiyu 28, inda Yesu ya ce a je a almajirtar da dukan al'ummai. Na ga inda aka raba irinta a wani ƙauye aka juya, bayan wata biyu yara ne suke wasa da ita. Na'ura tana karantawa, ba ta amsa tambaya. Inna kanta da ta shiga Littafin Firistoci ta kira ni sau fi a ƙirga, me ya sa wannan, me ya sa wancan, wasu na amsa, wasu na ajiye sai mun ga fasto. A Ayyukan Manzanni sura 8 mutumin Habasha yana riƙe da littafin Ishaya yana karantawa, amma sai da Filibus ya hau karusar ya zauna kusa da shi. Romawa 10 da ta ce bangaskiya daga ji take samuwa, ita ce kuma ta yaba ƙafafun wanda aka aika da bishara. Wannan 'yar rediyo ta ɗauke mini aikin karatu ne kawai. Zama a tabarma, da sauraron damuwar mutum, da kai masa tuwo in ba shi da lafiya, suna nan a wuyana.

Wa ya kamata ya saya? Duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwar da ba ta karatu, ko wanda idonsa ya mutu. Masu bishara da ke ƙauyukan da ba wuta. Zumuntar Mata da ke fita ziyara. Wanda ke da babbar waya da wutar da zai yi caji, yana iya sauke Littafin mai murya daga intanet ba sai ya kashe kuɗi ba. Amma ba zan ba Inna waya ba, kira zai shigo ya ruɗa ta, jikoki kuma su ɗauke. Kuɗin na'urar ya ɗan ciji aljihuna, na sayar da kaji uku na cika, ban kuma yi nadama ba.

Zumuntarmu ta tara kuɗin guda biyu, za a taho mana da su bayan kaka. Na riga na ce a tambayo maganar gyara, a kuma haɗo da katin Fulatanci irin na nan. Ɗaya za ta zauna wurin wani dattijo makaho a unguwar gabas. Ɗayar ƙawata ce ta ce in ta zo in ara mata kwana biyu, surukarta tana so ta ji muryar nan mai kama da ta kawu.