Allurar sa barci ga hamsta: ketamin da zailazin ko fentobabital?

Hamstan Siriya, wani ɗan dabba mai kama da ɓera da ake gwaji da shi a lab, nauyinsa bai wuce giram 100 zuwa 150 ba, to kun ga kuskuren ɗigo ɗaya a sirinji ba ƙaramin abu bane.

Fentobabital tsohon magani ne, allura ɗaya a kogon ciki dabba ta kwanta, amma tsakanin adadin da zai sa barci da wanda zai tsayar da numfashi tazarar kaɗan ce wallahi, gashi baya kashe zafi sosai, kuma in ka zarce babu wani maganin da zai warware shi sai dai ka zauna kana kallon ƙirjin ɗan dabban yana ɗagawa da ƙyar.

Ni dai haɗin ketamin da zailazin nafi yarda dashi. Yana rage raɗaɗi, jiki ya saki, sannan in an gama aiki ana iya bada atifamezol ya karya ƙarfin zailazin ɗin, hamstan ya farka da wuri. Shima haɗin fa yana da nasa illolin, bugun zuciya na raguwa, jiki yayi sanyi nan da nan don haka dole a sa masa abin ɗumi a ƙasa, idonsa kuma a buɗe yake zama sai an shafa man ido kar ya bushe. In aka yi allurar a tsoka kuma ketamin na iya ɓata naman wurin.

Kuma kafin allurar a leƙa kumatun hamstan tukuna, yana ɓoye abinci a ciki kamar gafiya, kar ya shaƙe. Kafin a taɓa shi da wuƙa a matse yatsan ƙafarsa, in ya janye to bai yi nisa ba, a dakata.