Wasiƙa ga Baffa: yadda ake riƙe ƙwallo a ɗaure ta a Amurka

Baffa, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyali da yaran da ke koyon sana'a a hannunku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Saƙonku ya iso. Kun ce in duba ko a nan akwai wani kayan aiki da ke riƙe wa mutum ƙwallo yayin da yake ɗinki, in akwai in sayo in aiko. Na duba, na tambayi masu yi, na kuma taɓa da hannuna. Akwai shi, yana da amfani ƙwarai, amma ban ga dalilin ɗauko shi daga nan ba. Zan faɗa muku abin da ya sa, da abin da na ga ya fi cancanta a aiko.

Ƙwallon da ta fi farin jini a ƙasar nan ita ce doguwar nan mai tsini biyu ta zari-rugar Amurka, wadda ake jifa da hannu. Ita ce har gobe ake ɗaure wa baki da igiya. Ana haɗa ta da ƙyallen fata huɗu, a bar tsaga a gefe ɗaya inda ake cusa robar ciki mai riƙe iska, sannan a rufe tsagar da igiya guda ɗaya da ke bi ta ƙofofi 16, ta gitta sau 8. Asali don rufe baki aka yi igiyar, amma yanzu 'yan wasa ba za su yarda a cire ta ba, domin a kanta mai jifa ke ɗora yatsunsa ƙwallon ta tafi tana juyi a iska. Saboda haka ɗaurin ba ado ba ne. In ya karkace, jifa ma ya karkace.

A makarantar da nake aiki akwai wani dattijo mai kula da ɗakin kayan wasa, a wurinsa na ga abin da kuke tambaya. Gungumen katako ne da aka fafe cikinsa daidai da cikin ƙwallon, aka shimfiɗa masa roba mai kauri don kada fata ta kurje, aka ɗaure shi da noti a jikin tebur. A kowane ƙarshe akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe da tsinin ƙwallon ke shiga. Ɗaya a kafe yake, ɗayan kuma da mariƙi ake murɗa shi yana matsowa har ƙwallon ta tsaya cak, tsagar na kallon sama. Iyakar abin ke nan. Ba wuta, ba inji.

Na zauna na kalli yadda ya canza wa wata tsohuwar ƙwallo robar ciki. Ya sace iskar, ya yanke tsohuwar igiya, ya zaro robar da ta huje ta tsagar. Sabuwar ya naɗe ta siririya ya tura, ya lalubo bawul ɗin da yatsa ya fito da shi ta ƙofarsa, sannan ya ɗan ba ta iska kaɗan, daidai yadda za ta miƙe ba tare da ta yi tauri ba. A ƙarƙashin ƙofofin akwai wani ɗan harshen fata da ke raba igiya da roba, sai da ya daidaita shi da babban yatsa kafin ya ɗauki basilla. Basillar tasa mai ido ce kusa da baki, bakin kuma dakusasshe, ba mai tsini ba. Yana cusa ta, ya saƙala igiya, ya jawo, ya ɗame da hannu biyu, ya koma ƙofa ta gaba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bai taɓa tsayawa ya gyara zaman ƙwallon ba tun daga fari har ƙarshe. Idonsa da hannayensa duka suna kan igiya.

Nan ne amfanin abin yake. Wanda ya matse ƙwallo tsakanin gwiwoyinsa, rabin ƙarfinsa kan hana ta mirginawa yake tafiya. In ya ja da ƙarfi ta juya, in ya sassauta ɗinki ya saki, sai a tarar wani wuri ya ɗame wani ya yi sako-sako. Daga baya in an cika iska wajen da ya saki ya kumburo, ƙwallon ta zama kamar ƙwaryar da ta bushe a karkace. Ga kuma basilla da ke iya zamewa ta huda sabuwar roba, ko ta sami cinyar mai aikin. Mariƙin ba ya ƙara wa mutum gwaninta, hannun da bai iya ba ko an ba shi ba zai iya ba. Amma wanda ya iya, yana barinsa ya yi aikin da dukan iyawarsa.

Har a babbar masana'anta ma hannu ne ke wannan ɗauri. Kamfanin Wilson ne ke yi wa NFL, babbar gasar zari-rugar Amurka, ƙwallo tun 1941, kuma tun 1955 a wani ƙaramin gari mai suna Ada a jihar Ohio yake yin su, da fatar shanu da majemar Horween ta Chicago ke jemewa. Ana ɗinke ƙyallen a kife, a turara fatar ta yi laushi, wani ya juyo ta da ƙarfin damtse a kan sandar ƙarfe, a saka roba, sannan mai ɗauri ya zauna da basillarsa. Na ji daɗin sanin haka, domin mu a can mun ɗauka komai na Bature inji ne ke yi.

Tamu ƙwallon ƙafar ma da igiya ta fara, kun fi ni sani, wataƙila kun riski waɗanda suka buga irinta. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta farko, a 1930, Ajantina da Yurugwai kowa ya kafe sai a buga da tasa ƙwallon, dukansu kuwa masu igiya ne. Aka raba musu gardama: ta Ajantina kafin hutu, ta Yurugwai bayan hutu. Ajantina ta tafi hutu da ci 2 da 1, aka tashi Yurugwai na da 4 da 2. Shekara guda bayan haka, a 1931, wasu mutum uku a garin Bell Ville na Ajantina suka fito da ƙwallo mai bawul da ake hura ta da allura, ba sai an kwance baki ba. A gasar 1950 a Brazil irinta aka buga. Masu buga ƙwallo da kai sun huta, domin igiyar nan tana tsaga goshi, balle in fatar ta sha ruwan sama ta yi nauyi.

Tunda haka ne, mariƙin dattijon nan mai ƙoƙo biyu ba zai yi muku ba, don doguwar ƙwallo aka yi shi. Abin da ke zuwa hannunku zagayayyiya ce, kuma aikinta kashi biyu ne. Akwai haɗa ƙyalle da ƙyalle a kife, akwai rufe bakin ƙarshe daga waje bayan an saka roba. Na farkon yana buƙatar mamatsi: katako biyu dogaye da bakinsu ke haɗuwa, su cije gefen ƙyallen biyu, mai ɗinki ya bi ƙofofin da allura biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Dukawan nan masu yin sirdi da jaka suna da shi, ana zama a kan gindinsa ya tsaya a gaban mutum. Da irinsa masu ɗinkin Sialkot a Pakistan ke aiki, garin da mafi yawan ƙwallayen ɗinkin hannu na duniya ke fitowa. Na biyun kuwa mazauni kawai yake so, wato katako mai rami da ƙwallon za ta zauna a ciki da ɗamara a kanta. Duka biyun ba abin da zai gagari kafinta a cikinsu, kuma nauyinsu kaɗai ya isa ya sa aikowa daga nan ta zama asara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ba ni mamaki, wato gyara. Ƙasar da ke da kayan aiki iri-iri, amma mai gyaran ƙwallo sai an tona. Na shiga manyan shagunan kayan wasa, ƙwallaye jere tun daga ƙasa har sama, na tambayi inda ake ɗinke wadda ta ɓarke, yaron shagon ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar wata duniya. Lokacin ma'aikaci a nan ya fi ƙwallon tsada, shi ya sa in ta huje kwandon shara take nufa. Masu canza igiya da roba suna nan jefi-jefi, yawancinsu ta intanet ake samunsu, a aika musu ta gidan waya, kuma galibi ƙwallon tarihi ake kai musu, irin wadda aka ci kofi da ita ko wani ɗan wasa ya sa wa hannu. Dattijon namu ma don ra'ayinsa yake yi, ba wanda ya sa shi. A can kuwa yaro zai kawo muku ƙwallo da safe, mai faci ya toshe robar, ku ku rufe bakin, da yamma tana fili. A wannan fannin mun fi su nesa ba kusa ba, kuma ba don in faranta muku rai na faɗa ba.

Inda suka fi mu shi ne awo. Ba mai matsa ƙwallo da yatsa ya ce ta yi. Kowane koci yana da geji, wato abin auna iska, a jaka, kuma a jikin ƙwallon kusa da bawul an rubuta iskar da take ɗauka. Ta NFL daga 12.5 zuwa 13.5 ne a ma'aunin ƙarfin iska da suke kira psi. Kada ku ga kamar wasa ne: a Janairun 2015 aka zargi ƙungiyar New England Patriots da rage wa ƙwallaye iska a wasansu da Indianapolis Colts, magana ta kai har kotu, a ƙarshe mai jifan Patriots, Tom Brady, ya sha dakatarwar wasa huɗu. Mu kuwa sau nawa ake kawo muku ƙwallon da ɗinkinta ya ɓalle ba don zare ya ruɓe ba, sai don an kai ta wurin mai faci ya ɗura mata iskar taya? Ina jin rabin aikin da ke zuwa muku wannan ne sanadinsa. Wani ƙaramin abu kuma da na koya: kafin su cusa allurar famfo sai sun jiƙa ta, don busasshiyar allura na yage bawul ko ta tura shi ciki. A wajen saye ma suna da sauƙi, in ƙwallo ta zo da aibi ka mayar da rasit, yawancin shaguna za su canza maka.

Akwai gargaɗin da nake so ku isar wa masu ƙungiyoyin da ke cewa a aiko musu da ƙwallo "irin ta kofin duniya". Tsohuwar Telstar ta 1970 ƙyalle 32 gare ta, baƙaƙe 12 da farare 20, duka ɗinki. Daga 2006 lissafin ya canza: Teamgeist ƙyalle 14, Jabulani ta 2010 guda 8, Brazuca ta 2014 guda 6, kuma ba zare ko ɗaya a jikinsu, da zafi ake manne su. Suna da kyau a kan ciyawa, ba sa shan ruwa, suna tafiya daidai. Amma ranar da ɗaya ta ɓare ko robarta ta huje, ba inda basilla za ta shiga, ba mariƙin da zai cece ta. A filin ƙasa mai tsakuwa kuwa ranar ba ta da nisa. Mai ɗinkin inji tana gyaruwa, sai dai zarenta siriri ne kuma ɗinkin a sama-sama yake. Wadda za ta daɗe a hannun yara ita ce mai ɗinkin hannu, ana gane ta da zurfin layin ɗinkin, in ka buɗa shi da yatsa ka ga zare mai kauri. Robar ciki ma iri biyu ce. Ta latex ta fi taushi a ƙafa amma kullum sai an ƙara mata iska, ta butyl ta fi riƙewa. Don atisayen yara ni ta butyl zan zaɓa.

Don haka ga abin da zan haɗo muku in an sami mai tahowa: geji, allurar famfo da yawa tunda ɓacewa suke yi, lanƙwasassun allurai na rufe bakin ƙarshe, basilla mai dakusasshen baki irin ta dattijon nan, da zaren roba mai kaki. Duka za su shiga aljihun jaka.

Mazaunin kuwa na zana shi a takarda, zan turo hoton ta waya a nuna wa kafinta. Ƙwallon manya kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, faɗinta ya kama kusan 22. Ramin kada ya haɗiye ta, ya tsaya ƙasa da rabi, don hannu ya sami wurin juyawa. A lulluɓe cikinsa da tsohon tif na mota, a kafa ɗamara a gefe ɗaya da ƙugiya a ɗaya gefen, a yi masa ƙofofin noti a gindi yadda za a ɗaure shi a benci. In za a yi, a yi biyu, ɗayan ƙarami don ƙwallon yara. Ku sa a auna mini tsayin bencin da kuke zama a kai, da shi zan fitar da tsayin mamatsin kafin in turo nasa zanen.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Ɗanku.