Gargaɗi kan masu sayar da famfon sitiyari alhali iska ce kawai ta shiga

Ina jan hankalin masu mota kan wata damfara da wasu bakanikai ke yi da haɗin bakin masu sayar da kayan gyara, wadda ni kaina na kusa faɗawa cikinta. Bayan an canza mini tiyon man sitiyari a wani gareji, sai motar ta fara kuka duk lokacin da na karya kwana, sitiyarin kuma yana yin tauri yana saki. Da na koma, bakaniken ko murfin gwangwanin man bai buɗe ba, ya ce famfo ya mutu, kuma akwai wani abokinsa da ke da na Beljiyam mai kyau. Har ya ɗauko sifana zai kwance, na ce ya dakata.

Wani dattijon bakanike da na kai wa motar washegari ya buɗe murfin, ya nuna mini man ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu, launinsa ya koma fari-fari. Iska ce ta shiga, domin wanda ya sa tiyon bai ɗaure bakinsa sosai ba, kuma bai fitar da iskar ba bayan ya gama. Dattijon ya ɗaure bakin tiyon, ya ɗaga gaban motar da jak har tayoyin suka bar ƙasa, ya cika mai zuwa layin da aka shata, sannan ya riƙa juya sitiyarin a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu kamar sau 20 ba tare da ya tayar da injin ba, yana ƙara mai duk sanda ya sauka. Daga nan ya tayar da injin ya maimaita, yana mai gargaɗina kada in riƙa danne sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙoƙi, domin hakan yana wahalar da famfo. Kumfar ta kwanta, kukan ya ɗauke.

Ribar masu wannan aiki biyu ce, a ganina. Suna karɓar kuɗin famfo da na aiki, sannan su riƙe naka mai lafiya, su wanke shi da fetur su sayar wa wani a matsayin na Beljiyam. Masu Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007 su fi kowa lura, domin ɗan zoben robar da ke bakin famfo, inda mai ke shiga, yakan bushe ya riƙa zuƙo iska, kuma canza shi kaɗai yakan wadatar. Honda kuma tana da nata man sitiyari, ba a zuba mata man giyar otomatik kamar yadda ake yi wa tsofaffin Toyota da yawa. Mai Corolla ƙirar 2009 zuwa sama kuwa, sitiyarinsa na lantarki ne, babu famfo babu mai, don haka duk wanda ya caje shi kuɗinsu ya cuce shi.

Famfo yana lalacewa da gaske, musamman idan an daɗe ana tuƙi babu mai. Amma kafin ka yarda a kwance naka, ka sa a buɗe murfin a gabanka, a duba yoyo, a fitar da iska tukuna. Idan kuma dole sai an canza, ka yi wa tsohon alama da ƙusa kafin a cire shi, ka karɓi abinka ka sa a but.