Morozko ko Basilisa: wacce za ki fara karanta wa yara?

'Yar'uwa, kin ce kin samu littafin tatsuniyoyin Rasha, kina son sanin tsakanin tatsuniyar Morozko da ta Basilisa Kyakkyawa wacce ta fi dacewa da 'ya'yanki mata, kuma ko akwai abin ƙi a cikinsu. Akwai abin so, akwai abin ƙi. Ni dai Basilisa na fi so, amma bari in jera miki su ki gani da idonki.

Dukansu suna cikin tarin da Aleksanda Afanasiyef ya wallafa daga 1855 zuwa 1863, wajen tatsuniyoyi 600, kuma tushensu ɗaya: marainiya a hannun kishiyar uwa, a tura ta daji don ta halaka, ta dawo da rabo.

Morozko gajeruwa ce, ba za ta ci miki minti goma ba. Morozko shi ne sanyin hunturu a siffar dattijo. Kishiyar uwa ta matsa wa mijinta ya ɗauki 'yarsa a keken da doki ke ja bisa ƙanƙara, ya ajiye ta a gindin bishiya cikin daji. Ya yi kuka, amma ya kai ta. Morozko ya zo yana tsalle daga bishiya zuwa bishiya, rassa na ƙara, yana tambayarta ko tana jin ɗumi. Jikinta na ɓari, numfashi da ƙyar, ta amsa da ladabi cewa tana ji. Sau uku, kowane karo yana ƙara sanyin. Daga ƙarshe ya ji tausayinta, ya lulluɓe ta da riguna masu gashi, ya ba ta akwatin dukiya. Wurin da ya fi ratsa ni shi ne gida: matar uba na can tana toya wainar sadakar mutuwar yarinyar tun kafin a kawo gawa, kare kuma a ƙarƙashin tebur yana haushi yana cewa 'yar tsoho na tafe cikin zinariya da azurfa. Ta jefa masa waina, ta doke shi, bai canza magana ba. Sai kwaɗayi ya sa ta tura 'yarta ta cikinta, ita kuwa ta yi wa dattijon rashin kunya, ya daskarar da ita. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar 'yar Mowa da 'yar Bora ya san wannan hanya tun kafin a kai rabi.

Daɗinta shi ne maimaici. Yara za su kama tambayar da amsar su riƙa yi tare da ke. Illarta kuwa tana cikin wannan amsar. Yarinya na mutuwa da sanyi, an saka mata da alheri saboda ta ce ba ta jin komai. Ina son haƙuri, ina son ladabi ga manya, amma ba na son 'yata ta ɗauka cewa ɓoye ciwo shi ne tarbiyya. Ita ma ɗayar, abin da ta faɗa gaskiya ne, sanyi take ji, bakinta ne kawai ba linzami. Kisa ya yi yawa a kan wannan. Har masu fim ɗin Morozko da aka yi a Tarayyar Sobiyet a 1964 sun sassauta: sun dawo da ita da rai, aladu na jan kekenta, akwatinta cike da hankaki.

Basilisa kuwa ta fi tsawo da zurfi. Tana shekara 8 uwarta ta rasu, ta bar mata 'yar tsana da wasiyya: in kin shiga damuwa ki ba ta abinci, ki nemi shawararta. Wata rana da dare 'ya'yan matar uban suka kashe kyandir ɗaya tilo da gangan, suka ce ta je ɗibar wuta gidan Baba Yaga. Kada sunan ya ruɗe ki, tsohuwa ce, mayya mai cin mutane, tana tafiya cikin turmi, tana tuƙa shi da taɓarya, tana share sawunta da tsintsiya. Dangar gidanta ƙasusuwan mutane ce, bisa kowane gungume akwai ƙoƙon kai da idanunsa ke haske in dare ya yi. A hanya mahaya uku suka wuce yarinyar, fari da ja da baƙi, wato wayewar gari da rana da dare.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne Basilisa na da wayo, ba haƙuri kaɗai ba. Da tsohuwar ta ba ta damar tambaya, ta tambayi mahayan da ta gani a waje kawai, ta kame bakinta game da wasu hannuwa marasa jiki da ke aiki a cikin ɗakin. Tsohuwar ta yaba, don ba ta son a fitar da sirrin gidanta. Ita kuma da ta tambayi yarinyar yadda take gama aikin da ba ya gamuwa, wanda ta ɗora mata da alkawarin ba ta wuta in ta gama, kamar tsince alkama ƙwaya-ƙwaya, ta ce albarkar mahaifiyarta ce. Nan take mayyar ta kore ta, ta miƙa mata ƙoƙon kai mai wuta a kan sanda. Wannan magana ta albarkar uwa ba sai kin yi wa yaranmu sharhi ba. Kuma Baba Yaga ba muguwa ce zalla ba, ta cika alkawari, ta ba da wutar.

Tana da nata rauni. Mafi yawan aikin 'yar tsanar ce ke yi, yarinyar girki kawai take yi, ke nan jarrabawar ba tata ba ce gaba ɗaya. Sannan idanun ƙoƙon kan sun ƙone matar uban da 'ya'yanta biyu ƙurmus, ba wanda ya ce wayyo. Daga nan labarin ya zama kamar wani daban: ta koma birni wurin wata tsohuwa, ta yi kaɗi, ta saƙa yadi mai laushin da zai bi ta kafar allura, ta ɗinka wa sarki riguna 12, ya aure ta. Ɗinkin ya ɗan fito fili a wannan mahaɗa, ko da yake ina jin daɗin cewa sana'ar hannunta ce ta kai ta fada.

Abin da ke ci mini rai a dukansu shi ne uba. Na Morozko da hannunsa ya kai 'yarsa daji. Na Basilisa ya tafi fatauci, ya dawo ya tarar da ita matar sarki, ya zauna a fada hankali kwance. Ba wanda ya tuhume su. In kin zo nan ki dakata, ki tambayi yaran me ya kamata uban ya yi.

In 'ya'yanki ba su kai shekara 7 ba, ki fara da Morozko, ki faɗa musu cewa in sanyi ya dame su ko wani ya cuce su, su faɗa. Waɗanda suka haura haka ki ba su Basilisa, amma da rana ko da yamma, don dangar ƙasusuwan nan ba ta lokacin kwanciya ba ce.