R, Stata ko Python: wacce za ka ɗauka idan lissafin ƙololuwar yiwuwa ya cije?

Lissafin ƙololuwar yiwuwa (maximum likelihood) hanya ce ta ƙididdiga da ke neman ƙimomin da suka fi dacewa da bayananka, kuma kwamfuta tana yin sa ne zagaye bayan zagaye har ta kai ƙololuwa. Idan bayananka lafiya lau suke, duk manhajojin ukun za su kai ka amsa ɗaya. Bambancin yana fitowa ne ranar da lissafi ya cije. Shi ya sa nake auna kowace manhaja da yadda take sanar da kai cewa ta kasa.

Stata ta kuɗi ce, kuma lasisinta ba arha ba ne ga ɗalibi. Amma ba ta ɓoye maka komai: tana buga sakamakon kowane zagaye a gabanka. Idan gargaɗin “not concave” (wato inda lissafin yake bai yi siffar ƙololuwa ba) ya bayyana a tsakiya ya wuce, ba damuwa. Idan a zagaye na ƙarshe ya fito, kada ka yarda da lambobin. Sai ka gwada zaɓin difficult da aka tanada don lissafi mai wahala, ko ka sauya dabarar neman ƙololuwar daga Newton-Raphson zuwa BHHH ko BFGS.

R kyauta ce, sai dai tana son mai lura. Umarninta na optim, da ake wannan lissafi da shi, yana farawa da dabarar Nelder-Mead ta 1965, wadda ke jan ƙafa idan sigogi, wato ƙimomin da ake nema, sun yi yawa. Abin da ya fi damuna shi ne zai miƙo maka lambobi shiru ko da bai gama ba. Dole ka duba lambar convergence da ke cikin sakamakon da kanka: 0 ya kammala, 1 zagayen da aka ware masa ne suka ƙare. Kuma mafi ƙanƙanta yake nema, ba ƙololuwa ba, saboda haka sai ka sa alamar ragi a gaban lissafinka.

Python da kunshinta na lissafi, SciPy, sun dace da wanda ya riga ya iya rubuta manhaja. Aikin hannu ya fi yawa a nan.

Akwai matsalolin da kuɗi ba sa magancewa. Idan ka ninka ƙananan yiwuwa dubbai, lambar za ta yi ƙasa da abin da kwamfuta ke iya riƙewa ta koma sifili, don haka da logaridim ake aiki, a tara maimakon a ninka. Idan a bayananka kuɗin shiga yana miliyoyin naira alhali shekarun mutum ƙananan lambobi ne, raba kuɗin da miliyan tukuna. Idan kuma, misali a binciken lafiya, wani ma'auni ya raba masu cuta da marasa ita tsaf, babu ƙololuwar da za a samu. A nan dabarar da ake kira gyaran Firth na 1993 ake nema, yana cikin kunshin logistf na R.

In sashenku yana da lasisin Stata, fara da ita. In daga aljihunka za ka biya, ɗauki R, ka riƙa gwada BFGS daga ƙimomin farawa daban-daban ka ga ko amsar za ta zo ɗaya.